Daga Asuba zuwa Walaha: Karin Kumallo da Ruɓewar Haƙora a Garin Gaya

Tsakure

Wannan takarda ta dubi alaƙar da ke tsakanin abincin safe da ruɓewar haƙora a Gaya, cikin jihar Dosso ta Jamhuriyar Nijar. Hujjarta ita ce, illar karin kumallo ga haƙori tana rataye ne da tsawon lokacin da baki ke ɗauka yana cikin tsami bayan an ci, fiye da sunan abincin ko ƙasar da ya fito. An kafa hujjar a kan abin da ilimin likitancin haƙori ya tabbatar, aka auna ta da abin da ake ci a garin, sannan aka amsa wa masu ja.

Teburin safiya a bakin iyaka

Gaya gari ne da ke karyawa da abincin ƙasashe uku. Kogin Kwara ne kawai tsakaninsa da Malanville ta Benin, Kamba ta jihar Kebbi kuma ba ta da nisa, don haka abin da ke kan teburin mai shayi a tashar mota tarin hanyoyi ne da suka haɗu: sukarin kwali da madarar gwangwani da suka biyo hanyar Kwatano, burodin da aka gasa da garin alkamar waje, ganyen shayin ƙasar Sin, ga kuma kayan kantin Nijeriya. A gefensa mai koko tana zaune da ƙosanta, mai waina tana juya tanda, 'yar Fulani ta ajiye ƙwaryar fura da nono, a cikin gida kuwa ana ɗumama tuwon jiya. Bahaushe da Badende da Bazabarme da Bafulatani duk suna zagaya waɗannan wurare. Tun zamanin fatake ayarin goro daga Gwanja yake ƙetare kogin a wannan yanki, saboda haka baƙon abinci ba sabon abu ba ne a nan. Abin da yake sabo shi ne arhar sukarin da aka tace, da yadda ya kutsa cikin kusan kowace ƙwarya da kowane kofi kafin rana ta ɗaga.

Idan aka zo maganar haƙora, an saba raba abincin nan gida biyu, a ce na gargajiya lafiya ne, na zamani cuta. Ina ganin wannan rabo yana da daɗin faɗa amma ba ya kai mu ko'ina. Kokon da aka zuba wa cokali huɗu na sukari, yaro ya riƙe shi yana kurɓa har rana ta yi zafi, ya fi cutar da haƙori a kan burodi da ƙwai da aka cinye cikin minti goma aka bi da ruwa. Tambayoyin da suka dace uku ne, kuma a haɗe suke: nawa aka zuba, tsawon wane lokaci aka ɗauka ana sha, da me aka rufe baki da shi.

Abin da ke faruwa a kan haƙori

Da yawa har yanzu suna cewa tsutsa ce ke cin haƙori. Maganar ba ta yi nisa da gaskiya sosai ba, sai dai tsutsar ba ta ganuwa kuma ba ta da baki. Tun 1890 likitan haƙori Willoughby Miller ya bayyana cewa ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a baki suna cin ragowar sukari da sitaci su fitar da asid, asid ɗin kuma shi ke narkar da farin rufin haƙori. Waɗannan ƙwayoyi suna zaune ne cikin wata dauɗa mai yauƙi da ke manne a jikin haƙori, wadda mutum ke ji da harshensa idan ya tashi daga barci. Sukarin rake yana da wata illa ta musamman a nan, domin wasu ƙwayoyin, irin su Streptococcus mutans, suna sarrafa shi ya zama danƙon da ke ƙara musu mannewa, wato abincinsu ne kuma laka ce ta ginin gidansu.

A farkon shekarun 1940 Robert Stephan a Amurka ya auna tsamin wannan dauɗa bayan an kurkure baki da ruwan sukari, kuma abin da ya gano shi ne ginshiƙin wannan takarda. Ma'aunin tsami, wanda ake kira pH, yakan kasance kusa da 7 a baki mai hutu. Cikin 'yan mintoci da shigar sukari sai ya faɗi, sau da yawa ƙasa da 5.5, inda rufin haƙori ke fara sakin sinadaran kalsiyam da fosfet. Kada ƙanƙantar lambobin ta ruɗe mu: daga 7 zuwa 5.5 tsamin ya ninka kusan sau talatin. Kafin yawu ya wanke wurin ya mayar da shi yadda yake, akan ɗauki rabin awa zuwa awa guda, daga nan ne kuma haƙori ke sake zuƙo abin da ya rasa daga cikin yawun. Ashe kowane ci bashi ne ake ɗauka daga haƙori, kowane hutu kuma biya ne. Kogon haƙori yana samuwa ne idan ɗaukar bashin ta fi biyan yawa, wata bayan wata, domin yau da gobe ba ta bar komai ba. Safiya kuwa tana da nata rauni: yawu yana kusan tsayawa a lokacin barci, dauɗar ta kwana tana ƙaruwa, sai abincin farko ya tarar da rundunar ƙwayoyin a cike, a yunwace.

Shaidar da ta fi kowace ƙarfi a kan muhimmancin lokaci ta fito ne daga wani gwaji mai muni. A asibitin Vipeholm da ke birnin Lund na ƙasar Suwidin, daga ƙarshen shekarun 1940 zuwa farkon 1950, an ciyar da ɗaruruwan masu taɓin ƙwaƙwalwa nau'o'in zaƙi daban-daban ba tare da yardarsu ba, aka wallafa sakamakon a 1954. Babu kwamitin ɗa'a da zai amince da irin wannan aiki a yau, kuma ya kamata a faɗi haka duk lokacin da aka ambace shi. Amma abin da ya nuna a bayyane yake. Waɗanda aka ba sukari mai yawa narke a cikin abin sha lokacin cin abinci, ruɓewar haƙoransu ta ƙaru kaɗan ne. Waɗanda aka ba alawa mai danƙo guda 24 a rana suna ci tsakanin abinci da abinci, haƙoransu sun lalace ƙwarai. Da aka janye alawar, saurin ruɓewar ya koma kamar da.

Ƙwarya, kofi da agogo

Mu ɗora abincin Gaya a kan wannan ma'auni. Koko da ƙosai haɗi ne da ya fi yadda ake zato hikima. Koko sitaci ne dafaffe mai ɗan tsami, yana wucewa da sauri, ƙosai kuwa wake ne da mai, yana bukatar tauna, tauna kuma ita ke buɗe famfon yawu. Ɗumamen tuwo da miyar kuka ko kuɓewa ba shi da sukarin da aka ƙara ko kaɗan. Fura da nono tana da tsami, amma nono cike yake da kalsiyam da fosfet, shi ya sa tsaminsa ba ya zaizaye haƙori kamar na lemon kwalba, sukarin da ke cikin madara ta asali kuma shi ne mafi rauni wajen haddasa ruɓewa. Gyaɗa, ƙuli-ƙuli, kwaɗon zogale, kifin kogi, dafaffen ƙwai, har da murucin da dazuzzukan giginya na wannan yanki ke bayarwa, duk abokan haƙori ne ko kuma aƙalla ba maƙiyansa ba. Matsalar tana farawa ne daga gwangwanin sukarin da ke gefen mai koko da mai fura, wanda ya zama kamar dole, har mai saye yakan ji an ƙware shi idan ba a cika masa cokali ba.

Teburin mai shayi ya fi bukatar lissafi. Ƙwayar sukarin kwali ɗaya tana da nauyin gram 5 zuwa 6. Madarar gwangwani mai kauri kuwa, kusan rabin nauyinta sukari ne. Idan mutum ya sa ƙwaya huɗu a kofi, aka tsiyaya masa babban cokali biyu na wannan madara, ya kusa gram 40 tun bai taɓa burodi ba. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu daga abinci a rana, kimanin gram 50 ke nan ga baligi, kuma ta ce zai fi kyau a sauko ƙasa da kashi 5, wato gram 25. Kofi ɗaya ya wuce iyaka ta biyu, ya tasam ma ta farko, alhali ko hantsi bai yi ba. Burodin da ake tsomawa a ciki yana ƙara dagula lamarin, domin farin gari da aka gasa yana laƙewa a ramukan turamen haƙora ya daɗe, yawu yana mayar da sitacinsa sukari a hankali, ya zama kamar rumbun da ƙwayoyin ke ɗiba bayan mai shi ya tashi ya manta. Ganyen shayin shi kansa ba shi da laifi, yana ma ɗauke da ɗan sinadarin fuloraid mai ƙarfafa haƙori. Abin da aka yi masa rakiya da shi ne ya ɓata shi.

Duk da haka, da a zama ɗaya ake shanye kofin a tashi, da abin ya zo da sauƙi. Kalmar karin kumallo tana nufin abu guda mai iyaka: a karya wannan tashin zuciyar yunwar safe, a kama aiki. A garin iyaka kuwa safiya ta jira ce. Direban babbar mota yana jiran takardun duwan, ɗan kabu-kabu yana jiran fasinja, ɗan dako yana jiran kaya, da aka rufe gadar kogin bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 kuma, jira ya koma bakin ruwa inda kwale-kwale suka riƙa ƙetarar da mutane da kaya. Abokin jira shi ne ɗan buta a kan gawayi. Shayin fada, wato majalisar matasa, ana zuba shi sau uku, kowanne da sukarinsa, da tazara a tsakani. Mutumin da ya sha koko mai zaƙi da ƙarfe bakwai, ya karɓi kofin farko da takwas, na biyu da takwas da rabi, na uku da tara, ya jefa minti a baki da goma, ya riƙe haƙoransa cikin tsami kusan awa huɗu ba tare da hutun kirki ba. Kofunan ƙanana ne, jimlar sukarin ma wataƙila ba ta kai ta babban kofin mai shayi ba, amma kowanne yana sake tayar da agogon Stephan daga farko. Haka ɗan makaranta da aka ba 'yan kuɗi a maimakon abinci: fanke a hanya, alawa a ƙofar makaranta, biskit lokacin tara, ƙanƙarar zoɓo a hanyar dawowa.

Masu ja

Wani zai ce kakanninmu sun sha koko da fura, sun tauna rake, kuma sun tsufa da haƙoransu. Maganar tana da gaskiya a ciki, amma gaskiyar tana goyon bayan hujjata ne. Abincinsu na safe gero ne da dawa da nono da wake, zaƙinsu kuwa zuma ce da mazarƙwaila da 'ya'yan itace, masu zuwa da lokaci kuma masu tsada. Duniya ta ga irin wannan sauyi a wurare da yawa, har ta ga juyinsa: a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da sukari ya yi ƙaranci a Nowe da Japan, ruɓewar haƙoran yara ta ragu, da ya dawo bayan yaƙi ita ma ta dawo. Rake kuma, wanda ƙasar Dallol Mawuri ta shahara da nomansa, ba zan wanke shi tas ba. Ruwansa sukari ne, irin wanda ke cikin kwali. Sassaucinsa shi ne ana tauna shi da ƙarfi, yawu yana kwarara, ruwan ba ya da danƙo, kuma yana da kakarsa. Mai riƙe da sandar rake daga safe zuwa azahar kullum bai tsira ba. Ya kamata kuma a tuna cewa tsofaffin da muke misali da su sun rasa haƙora da yawa ta hanyar ciwon dasashi, wanda wata cuta ce dabam.

Ja na biyu ya fito daga cikin masana ne, kuma ya fi nauyi. Suna cewa nazarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta dogara da shi a 2015 ya nuna jimlar sukarin da ake ci ita ke tafiya tare da yawan ruɓewa, don haka nanata maganar lokaci yana iya ba mutane lasisin shan duk abin da suke so muddin a zama ɗaya ne. Na yarda da rabin farko. Yawa da maimaitawa tagwaye ne, da wuya a raba su a rayuwar yau da kullum, domin mai yawan sha sau da yawa shi ne mai sha da yawa. Kuma sukari yana da wasu laifuffukan da ba su shafi haƙori ba, kamar ƙiba da abin da ke biyo ta. Dalilin da ya sa na fifita lokaci dalili ne na aiki. Babu mai koko da ke da ma'aunin gram, babu uwar da za ta lissafa kashi 10 cikin 100 na kuzarin ɗanta. Amma kowa ya san bambancin zama ɗaya da zama biyar, kuma wanda ya rage zaman ya rage jimlar ko bai yi niyya ba.

Ja na uku shi ne wanda ba na so a yi wa gaggawar amsa. A ƙasar da tamowa ke kama yara, shin ba rashin ta ido ba ne a tsaya ana ƙirga ƙwayar sukari? Sukari kuzari ne mai arha, kuma yaron da ya tafi makaranta da koko mai zaƙi ya fi wanda ya tafi da ciki wayam. Haka ne, kuma duk wani saƙon lafiyar haƙori da zai sa uwa ta hana ɗanta karin kumallo ya yi ɓarna fiye da gyara. Cutar baki mafi muni a wannan sashe na duniya ma yunwa ce uwarta. Noma, wadda Hausawa ke kira ciwon iska, tana farawa daga gyambon dasashi ta cinye kumatu da leɓe cikin kwanaki, kuma tana kama ƙananan yara masu tamowa ne, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Akwai asibitin yara na musamman dominta a Sakkwato tun 1999, ƙungiyar Sentinelles tana kula da masu ita a Damagaram, a Disambar 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su. Sai dai idan aka duba da kyau, abin da ke kare yaro daga tamowa shi ne dai abin da ke kare haƙorinsa: wake, gyaɗa, nono, ƙwai, kifi, zogale. Sukari yana kashe yunwa ba tare da ya gina jiki ba. Dalar da ta tafi ga ƙarin cokalin sukari, da ta tafi ga ƙarin ƙosai biyu, da jiki da baki duk sun amfana. Kunun gyaɗa mai ɗan zaƙi kaɗan ya fi ruwan shayi mai zaƙi da yawa ta kowace fuska.

Akwai kuma masu cewa Musulmi yana asuwaki, yana kurkure baki a kowace alwala, me ya rage? Wannan gado ne mai daraja, kuma asuwakin da aka iya riƙe shi yana cire dauɗa sosai daga fuskar haƙora. Tsarin lokacin ma ya dace da ilimi, domin goge baki da asuba kafin a ci komai yana rage rundunar da za ta tarbi sukarin farko. Amma tsakanin sallar asuba da alwalar azahar akwai wajen awa bakwai ko takwas, kuma a cikinsu ne duk abin da na bayyana yake faruwa. Sannan asuwaki ba ya kaiwa tsakanin haƙora da ramukan turame yadda ya kamata, kuma ba ya maye gurbin man goge baki mai fuloraid, wanda ke sa rufin haƙori ya jure wa asid ya kuma gaggauta biyan bashin nan. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa irin wannan man, mai ɗauke da fuloraid kashi 1000 zuwa 1500 cikin miliyan, a jerin muhimman magunguna. Na san ambaton fuloraid a Nijar yana tayar da tsohon miki. A Tibirin Gobir kusa da Maraɗi, ruwan rijiyar burtsatse da aka fara sha a tsakiyar shekarun 1980 ya ƙunshi wannan sinadari ninki uku zuwa huɗu na iyakar miligram 1.5 a lita, ya lalata haƙora da ƙasusuwan dubban yara. Tsoron yana da tushe. Bambancin shi ne, na Tibiri an sha shi ne shekara da shekaru, na man goge baki kuwa shafawa ake yi a tofar. Ga ƙaramin yaro ɗan kaɗan ake matsawa, babba yana tsaye a kansa don kada ya haɗiye.

Wa ke riƙe da cokali

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa mutane kusan biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki, ruɓewar haƙorin da ba a yi wa magani ba kuma ita ce kan gaba. A nahiyar Afirka likitocin haƙori ba su wuce uku da ɗoriya ga kowane mutum 100,000 ba, Nijar tana cikin masu ƙaranci ƙwarai, kuma yawancinsu a Yamai suke. Ga mazaunin Gaya, kimanin kilomita 150 daga birnin Dosso, haƙorin da ya yi kogo sau da yawa makomarsa magungunan kashe zafi ne daga teburin bakin hanya, sai kumburi, sai cirewa. Harajin naira 10 a kan kowace litar lemon kwalba da Nijeriya ta sa a dokar kuɗinta ta 2021 mataki ne, amma ba ya taɓa sukarin da ake zubawa da hannu, wanda shi ne mafi yawan zaƙin safiyar wannan yanki. Masu riƙe da wannan cokali su ne mai koko, mai fura, mai shayi da matashin da ke kula da buta a fada, kuma su ya kamata ma'aikatan lafiya da gidajen rediyo su yi magana da su kafin kowa. Buƙatar ba ta hana su ciniki: a tambayi mai saye kafin a zuba, a ajiye ruwan kurkure baki kusa da tebur, a saba wa mutane su gama da ƙosai ko gyaɗa a maimakon su gama da kurɓin ƙarshe mai kaurin sukari da ya kwanta a gindin kofi.

Wurin da ya fi cancantar a fara shi ne ajin farko na firamare. Wajen shekara shida turmin farko na dindindin yake fitowa, can baya, ba tare da wani haƙori ya faɗi ya ba shi wuri ba, shi ya sa iyaye da yawa ke ɗaukarsa cikin haƙoran yarinta, su ce ai zai fita idan yaro ya yi famfara. Ba zai fita ba, kuma babu wani a ƙarƙashinsa. Yana fitowa da rufi wanda bai gama ƙwari ba da ramuka masu zurfi, a daidai shekarar da yaro ya fara fita daga gida da kuɗin karyawa a hannunsa. Malamin aji da aka koya wa abin da zai duba, da fitilar hannu da minti ɗaya ga kowane yaro, zai iya ganin farin tabon farko a kan wannan turmi tun lokacin da yawu da fuloraid za su iya mayar da shi.